Ni Na Faɗi Sunan Ciwona, Yayata Ta Ɓoye Nata

A watan Janairun 2021, ana tsakiyar dokar kulle karo na uku a Ingila, na tashi da safe na ɗauki sabulu a banɗaki na shinshina, ban ji komai ba. Na buɗe kwalbar turare, nan ma shiru. Tun kafin sakamakon gwaji ya shigo wayata na riga na san abin da ya same ni, domin tun watan Mayun 2020 hukumomin lafiya na nan suka sa ɗaukewar jin ƙamshi da ɗanɗano cikin alamomin korona. Washegari saƙo ya tabbatar. Aka ce in killace kaina kwana 10.

Ba a yi wata ɗaya ba sai Yayata ta kwanta a Najeriya, lokacin da annobar ta dawo karo na biyu a can. Zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, busasshen tari, ga shi ta ce komai ta sa a baki kamar ta tauna takarda. Na ce, "Yaya, don Allah ki je a yi miki gwaji, wannan abin da ya kama ni ne." Ta ce, "Haba ƙanena, maleriya ce da taifot. So kake a zo da mota a ɗauke ni a gaban maƙwabta?"

Na daɗe ina jin haushin amsar nan. Yanzu na daina. Na gane cewa da ni da ita lissafi ɗaya muka yi, tambaya ɗaya muka yi wa kanmu: idan na faɗi sunan ciwon nan, me zai same ni? Ni na san amsar. Kwana 10 a ɗaki, lambar wayar neman shawarar lafiya 111 idan jiki ya ƙi, lambar gaggawa 999 idan numfashi ya sarƙe, kuma ba wanda zai nuna ni da yatsa bayan na fito. Firaministan Birtaniya na lokacin, Boris Johnson, ma ya kamu, har aka kai shi sashen kulawa ta musamman na asibitin St Thomas a watan Afrilun 2020, duniya tana kallo. Ciwon da ya kwantar da shugaban gwamnati ba abin kunya ba ne ga irina. Na rubuta wa wurin aikina da maƙwabcina a rana guda, sai ga jakar cefane a bakin ƙofa, an ƙwanƙwasa an ja da baya.

Ita kuwa me ta sani? Ta san motar da ke zuwa da mutane sanye da fararen kaya tun daga kai har ƙafa. Ta ji labarin majinyatan da suka fito daga cibiyar killacewa a jihar Gombe a watan Mayun 2020 suna zanga-zanga a kan titi saboda rashin kulawa. Ta san idan aka ce gidan wane an samu mai korona, hatta yaran gidan sai an daina wasa da su. Gaskiya ne wasu manya sun fito sun faɗa da bakinsu, kamar gwamnonin Bauchi da Kaduna na lokacin, Bala Mohammed da Nasir El-Rufai, kuma rasuwar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ranar 17 ga Afrilun 2020 ta girgiza mutane. Amma abin da talaka ya ɗauka daga nan shi ne ciwon masu hawa jirgi ne, kuma inda ake jinyarsu daban yake da inda za a kai shi. Masu cewa jahilci ne ya sa mutane ɓoyewa ban yarda da su ba. Mace mai hankali ce Yayata, ta auna abin da za ta samu da abin da za ta rasa, ta ga shiru ya fi mata.

Sai dai shirun nan yana da tsada, kuma sau da yawa ba mai shirun ke biya ba. A watan Afrilun 2020 aka yi ta binne dattawa a Kano ana cewa ba a san dalili ba. Daga baya, a watan Yuni, ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi kan mutum 979 da suka rasu ya nuna mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari korona ce sanadi. Ɗakin Yayata bai taɓa zama babu mutane ba duk tsawon kwanciyarta, cikinsu har da tsofaffi masu hawan jini da ciwon suga. Allah ya tsare, amma duk lokacin da na kira na ji hayaniya a bayanta sai gabana ya faɗi.

To amma kada a ɗauka ni na ji daɗi. Abin da ba a faɗa game da killace kai shi ne dare. Da rana akwai waya, akwai taga. Da ƙarfe uku na dare kuwa daga kai sai numfashinka, kana ƙirga shi, kana tambayar kanka shin ya fi na jiya nauyi ko tsoro ne kawai. Ina da ƴar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana auna iskar oksijin a jini. Shawarar da aka ba mu ita ce idan ta nuna 92 ko ƙasa da haka, a kira motar asibiti nan take. Na yi dare uku ina kallonta tana wasa tsakanin 94 da 95 kamar mai jiran hukuncin alƙali. Wani abin takaicin, a watan Disambar 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka wallafa cewa irin wannan na'ura ta fi yin kuskure a kan baƙar fata, tana nuna lamba mai kyau alhali oksijin ya yi ƙasa, kusan ninki uku na yadda take yi wa farare. Wato abokiyar hirata guda ɗaya a ɗakin ma ban gama yarda da ita ba. A daren nan da za a ba ni zaɓi, wallahi da na ɗauki ɗakin Yayata da hayaniyarsa, ko da wani zai taɓa goshina ya ce sannu.

Ni nawa mai sauƙi ne, a gida na yi shi. Waɗanda aka kwantar a asibiti a farkon annobar an hana kowa nasu shiga, sai dai ma'aikaciyar jinya ta riƙe musu waya su yi sallama da iyali ta allo. A ƙarshen Maris 2020 wani yaro ɗan shekara 13 ya rasu a wani asibitin Landan babu uwa babu ɗan'uwa a kusa da shi, kuma iyalinsa ba su halarci jana'izarsa ba saboda suna killace. Sai da aka kai nan kafin gwamnati ta ce, a tsakiyar Afrilu, za a riƙa barin dangi na kusa su yi bankwana da mai gargara. Ƙasar da ta yi gwajin da ya gano a watan Yunin 2020 cewa dexamethasone, tsohon magani mai araha, yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku, ita ce ta manta cewa mara lafiya mutum ne mai bukatar ganin fuskar nasa. Wannan laifi ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi.

Kuma ɓoyewar ma ba ta Najeriya ce kaɗai ba. A nan ma na san direbobin tasi da masu kula da tsofaffi da suka kashe manhajar bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da masu korona a wayoyinsu, suka haɗiye tari suka fita aiki. Kuɗin jinya da doka ta tanada wa ma'aikaci a lokacin fam 95.85 ne a mako, bai isa kuɗin haya ba, masu aikin kansu kuwa ko wannan ba su da shi. Daga 28 ga Satumbar 2020 aka sa tarar da ta fara daga fam 1,000 ga wanda ya karya killacewa, aka kuma kawo tallafin fam 500 ga masu ƙaramin ƙarfi, wanda da yawa suka nema ba su samu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda sai ya fita zai ci, ko a Landan yake ko a Legas, sunan ciwon nan a bakinsa yana nufin tukunya ta sauka. Ni na iya faɗin gaskiya ne domin albashina bai tsaya ba, ba don na fi su tsoron Allah ba.

Duk da haka, idan aka ritsa ni, ina tare da faɗin sunan. Mai jinyar da ya san abin da ke gabansa zai buɗe taga, ya sa takunkumi, ya hana tsohuwa shiga ɗakin, ya kuma lura da rana ta bakwai zuwa ta goma, lokacin da ciwon kan juya wa wasu bayan sun zaci sun fara samun sauƙi. Wanda aka ce masa maleriya ce ba zai yi ko ɗaya ba. Abin da nake ƙi shi ne a ce sai mutum ya sayar da mutanensa kafin ya sayi wannan sanin.

Na yi wata huɗu kafin in iya hawa bene ba tare da na tsaya hutawa ba, ƙamshi kuwa sai da bazara ta shigo ya dawo, a hankali. Yayata ma ta daɗe tana kukan gajiya. Ranar 5 ga Mayun 2023, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya, na kira ta ina tsokanarta, na ce, "Yaya, an rufe littafi, yanzu dai kya faɗa min gaskiya." Ta yi dariya ta ce, "Na sani tun ranar da na kasa jin ƙamshin turarena. Amma da na faɗa, wa zai zauna da ni?"