Wa ke biyan kuɗin otal ɗin masu bincike?

A watan Maris na 2012, ana tsakiyar zaman jin bahasi a Majalisar Wakilai kan durƙushewar kasuwar hannayen jari, shugabar SEC ta lokacin, wato hukumar da ke kula da kasuwar, Arunma Oteh, ta dubi shugaban kwamitin da ke binciken, Herman Hembe, ta ce kwamitinsa ya nemi naira miliyan 44 daga hukumarta, kaso mafi tsoka don ɗaukar nauyin zaman da ake tuhumarta a cikinsa. Hembe ya musanta, daga baya ya janye daga binciken. Ko wa ke da gaskiya a tsakaninsu, abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda mutanen da suka san harkar majalisa ba su yi wani mamaki ba. An saba ganin hukuma ta sayi tikitin jirgi, ta kama otal, ta ba da motocin da 'yan kwamiti za su shiga su zo ziyarar gani da ido a kanta. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

A takarda, ƙarfin waɗannan kwamitoci ba kaɗan ba ne. Sashe na 88 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Majalisar Tarayya ikon bincikar duk wanda ke kashe kuɗin da ta ware, domin tona almundahana, sakaci ko almubazzaranci. Sashe na 89 ya ƙara mata da ikon kiran kowa, har da ba da sammacin kamo wanda ya ƙi zuwa. Sashe na 85 kuma ya ce Odita Janar, wato babban mai binciken kuɗin gwamnati, ya miƙa rahotonsa ga majalisun biyu cikin kwana 90 da karɓar bayanan Akanta Janar, kwamitin kula da asusun gwamnati ya zauna a kansa. Mun kuma gaji wata al'ada daga Birtaniya, inda aka kafa irin wannan kwamiti tun 1861: a ba ɗan adawa shugabancinsa. Shi ya sa a majalisa ta tara Matthew Urhoghide da Oluwole Oke, dukansu 'yan PDP, suka riƙe kwamitin, na farko a Majalisar Dattawa, na biyu a Majalisar Wakilai, a zamanin mulkin APC.

Al'adar tana da kyau, amma ita kaɗai ba ta isa ba a ƙasar da sauya sheƙa ta zama ruwan dare. Sanata Aliyu Wadada ya karɓi kujerar a 2023 yana ɗan SDP, a 2025 ya koma APC. Ban ce hakan ya canza aikinsa ba. Ina dai nuna cewa garkuwar da ake taƙama da ita na iya narkewa rana ɗaya. Sannan su wa ke raba kujerun kwamitoci? Shugaban Majalisar Dattawa da Kakakin Majalisar Wakilai ne masu wuƙa da nama, su kuma kowa ya san da wuya su hau kujerunsu ba da albarkar fadar shugaban ƙasa ba. Har kalmar da 'yan majalisar ke amfani da ita ta isa shaida: akwai kwamiti mai maiƙo, akwai marar maiƙo. Idan kujerar sa ido ta zama tukuicin biyayya, wanda aka ba ya san ranar da ya taka sawun manya za a iya karɓe ta.

Mun ga abin da ke samun mai ɗaga murya. A 2016 Abdulmumin Jibrin ya rasa shugabancin kwamitin kasafin kuɗi, ya fito da zargin cushe a kasafin, aka dakatar da shi na kwanakin zama 180. A watan Maris na 2024 Sanata Abdul Ningi ya yi hira da BBC Hausa, ya ce akwai naira tiriliyan 3.7 a kasafin shekarar da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba. Sai aka dakatar da shi wata uku. Mai yiwuwa lissafinsa da kuskure, fadar shugaban ƙasa ma ta ƙaryata shi. To ai maganin lissafi marar daidai shi ne a baje takardu a gaban kwamiti, 'yan jarida na kallo, a nuna masa inda ya kauce. Da aka zaɓi kora, kowane sanata ya ɗauki darasinsa.

Zan yi rashin adalci in na ɗora laifin duka a kan ɓangaren zartarwa. Labarin Farouk Lawan har gobe yana mini ciwo, domin kwamitinsa na Majalisar Wakilai mai binciken kuɗin tallafin mai ya yi aikin da ya burge 'yan ƙasa a 2012, bayan zanga-zangar janye tallafin man fetur. Rahoton ya fito da sunayen kamfanoni da adadin kuɗin da suka kwasa. Ba a jima ba sai maganar cin hancin daloli daga hannun attajirin mai Femi Otedola ta ɓullo. Kotu ta samu Lawan da laifin karɓar dala 500,000, ta yanke masa shekara bakwai a 2021, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar biyar, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Janairun 2024. Shi ya biya bashinsa a gidan yarin Kuje. Rahoton kuwa ya rasa kimarsa, waɗanda aka ambata a ciki suka samu abin fakewa. Haka a Yulin 2020, wajen binciken hukumar raya yankin Neja Delta, NDDC, ranar da muƙaddashin shugabanta ya yanke jiki a gaban kyamara, ministan harkokin Neja Delta na lokacin Godswill Akpabio ya ce mafi yawan kwangilolin hukumar 'yan majalisa ake ba, har mai jagorantar zaman ya yi ta roƙonsa ya kashe makirfo. Mai kwangila a hukuma ba zai iya tuhumar hukumar ba.

Akwai masu cewa ƙara wa kwamitocin nan 'yanci tamkar ba kura ajiyar nama ne, za su mayar da sammaci hanyar tatsar ma'aikatu. Fargabar tana da tushe. Sai dai tatsar tana yiwuwa ne saboda komai a duhu yake. Ni a ganina a haramta, da doka mai hukunci, duk wani kwabo ko masauki ko gurbin aiki daga hukuma zuwa ga kwamitin da ke sa mata ido, a fitar da kuɗin aikin daga kasafin majalisa, a wallafa yadda aka kashe shi. Shugaban kwamitin asusun gwamnati kuma 'yan adawa su zaɓe shi da kansu, kada a cire shi sai da ƙuri'ar zauren majalisa, in ya koma jam'iyya mai mulki ya ajiye kujerar.

Duk wannan ba zai yi tasiri ba muddin ofishin Odita Janar na nan a gurgunce, domin shi ne idon kwamitin. Rahotanninsa kan iso a makare da shekaru, bayan ministan da ya kashe kuɗin ya bar ofis, babban sakataren ya yi ritaya. Kundin tsarin mulki ma bai ba shi damar bincikar asusun kamfanoni da hukumomin gwamnati kai tsaye ba, sai dai ya ba da jerin sunayen masu binciken da za su zaɓa, ya yi tsokaci a kan abin da suka kawo. Majalisa ta takwas ta amince da ƙudurin dokar da zai ƙarfafa ofishin, Shugaba Buhari bai sa hannu ba.

A jihohi abin ya fi muni. A 2010 majalisun jihohi da kansu suka kasa amincewa da gyaran da zai ba su 'yancin cin gashin kai ta fuskar kuɗi, sai a 2018 aka samu ya shiga kundin tsarin mulki. A can ne kuɗin asibitin karkara da rufin makarantar firamare suke, a can ne kuma ɗan majalisa ke jiran gwamna ya saya masa mota. Sashe na 125 ya wajabta wa Odita Janar na kowace jiha ya kai rahoto majalisa. Mai karatu ya tambayi ɗan majalisar mazaɓarsa yaushe rabon da kwamitinsu ya zauna a kan wannan rahoto, kuma wane kwamishina aka kira ya amsa tambaya.