Manhaja ɗaya ce, amma lissafin ya bambanta

Labarin nan da ya ce ɗaliban firamare ba sa koyon lissafi iri ɗaya a makarantu daban-daban gaskiya ne, a gidana nake gani. 'Yata tana aji biyu a makarantar kuɗi, an riga an sa su haddar sau biyu zuwa sau goma sha biyu. Ɗan maƙwabcinmu, sa'anta, yana makarantar gwamnati, har yanzu tarawa da ɗebewa suke yi da murafun kwalba. Alhali hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta Najeriya (NERDC) ce ke tsara manhajar ƙasa ga kowa.

Abin da ya dame ni shi ne, na ba 'yar tawa naira ɗari biyu ta sayo gyaɗar naira saba'in, ta kasa faɗin canjinta. Yaron nan kuwa nan take ya ce ɗari da talatin. Ita waƙar lambobi take rerawa da Turanci, ba ta san abin da take nufi ba.

Malamai, don Allah ku daina gaggawa. Ku bar yaro ya ƙirga da hannunsa, a yi masa bayani da Hausa, ya gane goma-goma da ɗai-ɗai kafin a kai shi ninkawa.