Stanley Matthews da masu auna gwani da ƙidayar ƙwallaye

Duk musun da ake tafkawa a gidajen kallon ƙwallo kan wane ne gwanin gwanaye, a ƙidaya yake ƙarewa: wane ya fi cin ƙwallaye, wane ya fi ɗaga kofi. Da wannan ma'auni za a auna Stanley Matthews na Ingila, da tuni an watsar da shi. Bai taɓa cin gasar rukunin farko ba. A wasanni 54 da ya buga wa ƙasarsa, ƙwallo 11 kacal ya ci. Amma shi aka fara bai wa kyautar Ballon d'Or a 1956, yana da shekara 41, kuma Alfredo Di Stefano ne ya biyo bayansa. A ganina masu zaɓen ba su yi kuskure ba.

Wasan ƙarshe na kofin FA a 1953 ya ishe mu hujja. Ƙungiyarsa Blackpool ta riga ta sha kashi a irin wannan wasa har sau biyu, a 1948 da 1951, ga shi kuma Bolton na gaba da ci 3 da 1 a Wembley. Sai dattijon mai shekara 38 ya kama gefen dama ya hana 'yan bayan Bolton sakat. Salonsa ɗaya ne, kowa ya san shi: ya taho da ƙwallo a hankali har gaban mai tsaronsa, ya karkata kamar zai shiga ciki, sai ya fizge ta waje ya wuce. An san abin da zai yi, hana shi ne ya gagara. Daga ƙafarsa aka samu ƙwallo ta biyu, daga ƙafarsa kuma Bill Perry ya ci ta huɗu ana dab da tashi, aka ƙare 4 da 3.

Masu ƙorafi suna da abin faɗa. Abokin wasansa a Blackpool, Stan Mortensen, shi ya ci uku a ranar, amma har gobe da sunan Matthews ake kiran wasan. Sannan Bolton na da 'yan wasan da suka ji rauni, a zamanin da doka ba ta yarda da canji ba. Duk gaskiya ne, an ɗan tauye Mortensen. Sai dai jama'ar da suka cika filin sun ga wanda ya juya akalar wasan, abin da takardar sakamako ba ta da gurbin rubuta shi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne daɗewarsa. Ɗan wanzami ne daga Hanley, uban kuma ɗan dambe, shi ya horar da shi tun yana yaro. Ba giya, ba taba, kullum da asuba yana gudu a bakin tekun Blackpool. Ya fara da Stoke City a 1932, ya koma can a 1961, ya taimaka ta haura rukunin farko a 1963, ya buga wasansa na ƙarshe a Fabrairun 1965 yana da shekara 50 cif, shekarun haihuwa na gaskiya, ba irin waɗanda ake ragewa a takarda ba. Duk sharar ƙafar da ya sha, alƙalin wasa bai taɓa rubuta sunansa ko ya kore shi ba.

Kuma ba kuɗi ya tara ba. Har zuwa 1961 akwai dokar da ta ƙayyade albashin ɗan wasa a Ingila, a ƙarshenta ma fam 20 ne a mako. Shi ke cika fili, masu ƙungiya ke kwashe kuɗin ƙofa.

Mutanen Accra ba su tsaya lissafin ƙwallayensa ba da ya je ya buga wa Hearts of Oak a 1957, shekarar da Ghana ta samu 'yancin kai. Kujerar sarauta suka ɗora shi a kai, suka naɗa shi Soccerhene, wato sarkin ƙwallo.