IC ɗin ba jabu ba ne, ku koma kan jadawalinku

Tunda kowa ya kalli bidiyon ɗalibin nan da ya haɗa da'irarsa mai makunni uku, ƙwan fitilar ya ƙi mutuwa, ya fito yana tsine wa mai shagon da ya sayar masa da IC, wato ƙaramin guntun lantarki mai ƙafafu da ke ƙunshe da da'ira a cikinsa, bari in faɗi abin da masu yi masa jaje suka ƙi faɗa: IC ɗin nan lafiyarsa ƙalau, kuma yaron bai gwada komai ba. Cire IC a saka wani ba gwaji ba ne. Ya cire na farko ya saka sabo, ƙwan bai mutu ba, sai ya yanke hukuncin cewa duk kayan kasuwa jabu ne. Madalla da wannan zurfin bincike!

Aikin da aka ba shi sananne ne ga duk wanda ya yi darasin da'irar dijital. Makunni uku ne, A da B da C, kuma ƙwai zai kama idan aƙalla biyu daga cikinsu suna kunne. Jadawalin gaskiya, wanda ke jera kowane haɗin kunne (1) da kashe (0) tare da amsarsa, na mashiga uku layi 8 ne kacal, huɗu daga ciki ne ke ba da 1, wato 011 da 101 da 110 da 111. Idan aka zuba su a taswirar da Maurice Karnaugh ya fito da ita a 1953, aka haɗa maƙwabta biyu-biyu, lissafin zai taƙaita zuwa AB + BC + AC, wanda ke buƙatar ƙofofin AND uku (masu ba da 1 sai idan mashigarsu biyu duka 1 ne) daga cikin huɗun da ke cikin IC mai lamba 7408, da ƙofofin OR biyu (masu ba da 1 idan ko da mashiga ɗaya 1 ce) daga IC mai lamba 7432. Wannan jadawalin da ya zana da hannunsa kafin ya taɓa waya, shi ne kuma ma'aunin da zai kama ɓarnar da shi, amma da zarar ya gama taƙaitawa sai ya ninke takardar ya jefa a jaka, kamar aikinta ya ƙare.

Aikinta bai ƙare ba, kuma a nan nake so mu tsaya. Da'irar da ta ƙi aiki, layi-layi ake bin ta. A saita makunnai a 000, a ɗora mitar awon bolt a kan ƙafar IC ɗin kanta, ba a kan makunni ba, a ga ko abin da ya isa mashigar sifili ne da gaske. A dangin TTL, wato rukunin IC ɗin da 7408 da 7432 suke ciki, sifili shi ne 0.8 bolt zuwa ƙasa, ɗaya kuma 2 bolt zuwa sama, abin da ya faɗa tsakani kuwa ba a dogara da shi. Da yaron ya yi wannan awon a layin farko, da ya kama ɓarawonsa nan take, domin a bidiyon ana gani ƙarara cewa makunnansa suna haɗa ƙafa da 5 bolt idan an kunna, idan an kashe kuma su bar ta a sake ba ta haɗe da komai. Ƙafar TTL da aka bari a sake tana ɗaukar kanta a matsayin 1. Saboda haka ko ya kunna ko ya kashe, ƙofofinsa 111 suke gani, kuma amsar 111 a jadawalinsa ita ce ƙwai ya kama. IC ɗin da ake zagi yana yin daidai abin da aka tambaye shi. Maganin kuwa resista ce a kan kowace mashiga, wadda za ta riƙe ƙafar a matsayi guda idan makunni ya sake ta.

Na san za a ce ai akwai jabu a kasuwa. Akwai, ban musa ba, amma wanda bai auna ƙafa ta 14, wadda IC ke karɓar wuta ta cikinta, ya ga 5 bolt ba, bai kuma tabbatar ƙafa ta 7 tana kan layin sifili ba, ba shi da bakin kiran kayan wani jabu. Wasu kuma suna cewa ai da'irar ta yi aiki a Proteus, manhajar gwada da'ira a kwamfuta. To, sai me? Manhajar ɓoye ƙafafun wuta take yi ta ciyar da su da kanta, kuma wayarta ba ta taɓa karyewa a cikin roba ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin da ke ba ni takaici, tsakani da Allah, shi ne jadawalin ba ya tsayawa ga nuna cewa akwai ɓarna, har wurin da take yake nunawa. Idan duk layuka sun yi daidai sai 101 kaɗai ya ƙi, babu dalilin tuhumar da'irar gaba ɗaya, domin sashen AC ne kawai ke da alhakin wannan layin, ƙofa ɗaya ke nan mai ƙafa uku da za a auna. Idan mafitarta ta ba da 1 amma ƙwai bai kama ba, ɓarnar tana kan hanyar zuwa OR. Idan kuma duk wayoyin sun bi zanen amma amsa ta saɓa, to kuskuren a takarda yake, kuma mafi yawan lokaci daga jera kan taswirar ne 00, 01, 10, 11 maimakon 00, 01, 11, 10, wanda ke sa a haɗa gidajen da ba maƙwabtan juna ba ne. Mai wannan kuskuren ko IC ɗari ya saya, amsar banza ɗaya zai riƙa samu. Ƙannena ɗalibai, ba don in ci muku fuska nake wannan magana ba. Wanda ya iya bin layi 8 da mita a yau, shi ne zai iya gano ɓarna a allon inbata gobe ba tare da ya ƙona wa mai kaya kuɗi a kan sauye-sauyen banza ba.

Malamai ma da nasu kason. Muddin maki yana kan ƙwai ya kama a ranar gabatarwa, ba a tambayar ɗalibi abin da ya auna a kowace ƙafa, to haka za a ci gaba da yaye masu sauya IC.

Sannan don Allah, wa ya koya muku haɗa da'ira gaba ɗaya da waya kala ɗaya? A bidiyon nan komai shuɗi ne, wuta shuɗi, sifili shuɗi, makunnai shuɗi, an tulo su sun lulluɓe IC har ba a iya karanta lambarsa. Ja na wuta ne, baƙi na sifili, sauran kaloli kuma a raba wa A da B da C. Kuma ku riƙa duba dogayen layukan wuta na gefen allon gwaji, domin a wasu allunan a katse suke a tsakiya, sai an ɗora guntuwar waya an haɗe ɓangarorin biyu kafin wuta ta kai ƙarshen allon.