Wayifai ɗin gidanmu da yake jin tsorona

Jama'a duk wanda bai taɓa fama da intanet mai zuwa yana tafiya ba wallahi bai san ɓacin rai ba. Gara ya mutu gaba ɗaya ka ɗauki dangana, amma na gidanmu sai ya bari ka shiga mitin a Zoom ka gyara murya ka ce "ranka ya daɗe kamar yadda nake cewa" sai kawai fuskar oga ta daskare baki a buɗe, ka duba waya ka ga sandunan wayifai sun koma ɗaya, can kuma su ɓace ɗungurungum.

Ni a ɗakin zaure nake aiki, rautar kuma, wato na'urar da ke ba da wayifai ɗin, tana falo kan teburin talabijin. Da daddare gudu take kamar me, wajen azahar ma ba laifi, amma da hantsi da bayan la'asar sai a hankali.

Farko na kira kamfanin layin, wata ta ɗauka da muryarta mai sanyi ta ce in kashe in jira sakan talatin in kunna. Baiwar Allah wannan tun kafin in kira ki na yi, na yi har makunnin ya fara laushi. Ta ce a wajensu komai lafiya, ta yi min fatan alheri.

Sai na koma zargin yaran maƙwabta, don akwai wasu samari da kullum suke jingine a katangarmu kowa kai a sunkuye. Na kifa rautar na kwafi lambar da ke rubuce a ƙasanta, 192.168.8.1, na shiga na duba wayoyin da ke kai, na tarar da wata baƙuwar waya na toshe ta da murna na canza fasuwad. Ashe ta uwargida ce. Ranar tuwon dare ma sai da aka yi min gori a kai.

Wani abokina mai gyaran waya ya ce in sauka daga tashar wayifai ta 5 GHz in koma ta 2.4, wai shi 5 ya fi sauri amma ba ya son bango, 2.4 ya fi nisan zango. Na koma. Ya ce ko makirowef ne, shi ma a 2.4 yake aiki yana dagula sigina, na ce malam gidan da ake ɗumame a tukunya ina muka ga makirowef. Ya ce to wutar ce ba ta da ƙarfi, in firji ya tashi yana janye ta rautar ta sake kunna kanta, na raba musu soket, na sayi sabuwar adafta mai bolt 12, har tsinken sakace na zura a ɗan ramin riset ɗin na baya komai ya goge na sake saiti daga farko. Shiru kake ji.

Abin da ya fi ɗaure min kai, da zarar ya ɗauke na ɗaga murya daga zaure na ce "Hajiya don Allah duba min na'urar nan tana kunne?" sai ta ce "tana nan tana ta ƙifta ido", kuma a take sabis ya dawo fes, minti ɗaya ya sake tafiya. In na taso da kaina na yi sallama na shiga falo sai in same ta garau fitilu duk kore. Har na fara faɗa wa mutane rautar nan tsorona take ji.

Rannan dai na hasala na faɗo falon ba sallama ba takalmi. Babu rauta a teburi. Sai ƙaton daron alminiyam ɗin Hajiya a kife, wayar wutar rautar ta fito ta ƙarƙashinsa, autanmu yana zaune yana kiɗa a kai da cokali.

Na ce Hajiya mene ne wannan?

Ta ce yo yaron nan ne ba ya barin ƙahonnin abin, jiya ma saura kaɗan ya karya ɗaya, shi ne in ya farka nake kife ta, in ya yi barci in buɗe ta sha iska. In kuma na ji sallamarka sai in ɗauke tunda ga ubansa ya zo.

Na zauna na yi mata bayani cikin ladabi cewa wayifai igiyar rediyo ce, bulo yana rage mata ƙarfi amma ƙarfe tare ta yake yi kusan gaba ɗaya. Ta kalle ni ta kalli daron ta ce, abin da ka ce yana zuwa har Makka ya dawo shi ne daron wankina zai tsare? Kai dai an sayar maka da jabu.

Yanzu na kafa ƙusa na rataye rautar can sama kusa da agogo inda hannun yaro ba ya kaiwa, sabis ya zauna daram. Hajiya ta ce wurin akwai ƙura, wai gobe in an je kasuwa a sayo mata ƙaramar langa mai murfi daidai girmanta.