Don Me Kuke Ɓoye Bangaskiyarku a Wurin Aiki?

'Yan'uwana matasa a cikin Ubangiji, abin da na gani a makon jiya ne ya hana ni yin shiru. Mun halarci wani taron ƙara wa juna sani na ma'aikata a Abuja, sai na haɗu da wani yaro da ni na koyar da shi a makarantar Lahadi, yanzu ya zama babban ma'aikaci, har da rataye da katin ofis a wuya. Da aka kawo abinci, na ga ya waiga dama da hagu, ya sunkuyar da kai kamar mai sosa goshi, ya ɗago da sauri kafin kowa ya lura. Addu'ar ke nan. Da wani ya tambaye shi abin da ya sa ba zai tsaya zaman yammar Laraba ba, sai ya ce yana da ɗan uzuri a gida, alhali na san nazarin Littafi Mai Tsarki zai je. Ya yi ƙarya domin ya ɓoye zuwansa sujada, kamar wanda zai tafi gidan giya.

A zauren nan kuma, da azahar ta yi, abokan aikinmu Musulmi suka tashi, suka yi alwala, suka shimfiɗa darduma suka yi sallarsu, babu wanda ya nemi gafarar kowa, babu kuma wanda ya raina su saboda haka. Ni dai girmansu ne ya ƙaru a idona. To mu wace kunya muke ji, kuma kunyar wa?

Wannan ɓoye-ɓoyen ya zama ruwan dare. Wanda iyayensa suka raɗa wa suna Bitrus ko Istifanus ya gutsure sunan har ba a gane asalinsa. Wadda ke jan waƙa a majami'a ranar Lahadi, ranar Litinin sai ta kashe waƙar yabo a wayarta da zarar oga ya shigo. Wani idan an gama zance ba ya iya cewa da yardar Allah, wai kada a ce bai waye ba. An zama jemage, ba a cikin tsuntsaye ba a cikin dabbobi. Ban haɗa da 'yan'uwan da ke zaune inda faɗin bangaskiya ke iya jawo asarar rai ba, su addu'armu suke bukata. Da ku nake, masu zama cikin sanyin na'ura, waɗanda babu abin da ke barazana gare ku sai murmushin abokin aiki. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin bayyana addininsa, a keɓe ko a fili, amma ku kun mayar wa gwamnati kyautarta.

Annabi Daniyel na cikin Littafi Mai Tsarki ma'aikacin gwamnati ne a ƙasar da ba tasa ba, yana cikin manyan shugabanni uku da ke bisa hakimai 120, kuma da aka sa hannu a dokar hana addu'a bai rufe tagoginsa ba, ya ci gaba da durƙusawa sau uku a rana. Maƙiyansa sun bincike aikinsa ba su sami ko ɗigon aibu ba. A nan ne nake zargin wasunku: ba kunya ce kaɗai ke rufe muku baki ba, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Wanda ke karɓar na goro kafin ya motsa fayil, ko ya sa hannu a rajista da ƙarfe takwas alhali goma ya iso, dole ya so a manta cewa shi mai bi ne. Su ma masu liƙa ayoyi a gilashin mota da bangon ofis suna damun jama'a da wa'azi a lokacin aiki, alhali aikinsu na kwance, ba su burge ni ba ko kaɗan.

Iyayenmu ba haka suke ba. Dakta Barau Dikko na Wusasa, likita na farko daga Arewa, wanda asibiti ke ɗauke da sunansa a Kaduna, kowa ya san Kirista ne. Farfesa Ishaya Audu ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya riƙe ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983, bai taɓa sake suna ba domin ya sami shiga. Kakanninmu da suka karɓi Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 sun riƙa tafiya da shi a hammata zuwa gona da kasuwa, mu kuwa yana cikin waya ma muna juya fuskarta ƙasa. Albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Ku gyara, 'yan'uwa, ku roƙi Ubangiji ƙarfin hali. Shi yaron nan na ja shi gefe na yi masa magana, ya ce, "Baba, ba za ka gane yadda ofis yake yanzu ba." Ranar Lahadi na ga mahaifiyarsa a sahun zumuntar mata tana buga tulu, ta tambaye ni ko na ga ɗanta a Abuja. Na ce na gan shi, yana lafiya.