Alherin maigida daban, haƙƙin ma'aikaci daban

Ka tambayi mai gidan biredi ko mai makarantar kuɗi a birnin Katsina ko ya yi wa ma'aikatansa rajistar inshorar lafiya, amsar kusan ɗaya ce: "Ai duk wanda ya kwanta ni nake kai shi asibiti." Da yawansu ba ƙarya suke yi ba. Sai dai wannan alheri yana bin yanayin aljihun Alhaji ne da yanayin fuskarsa a ranar. Malamar da aka ce sai an yi mata tiyatar haihuwa a Asibitin Turai Yar'adua ba ta da lokacin jiran maigida ya dawo daga Umara.

Doka kuwa ta riga ta yi magana. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu kan dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a madadin tsohuwar NHIS, ta kuma mayar da inshorar lafiya wajibi. Duk ma'aikatar da ke da mutum 5 zuwa sama, ta gwamnati ce ko mai zaman kanta, dokar ta hau kanta. Gidan mai nawa ne daga Ƙofar Ƙaura zuwa hanyar Kano da bai kai wannan adadi ba?

Kukan da masu ɗaukar aiki suka fi yi shi ne tsada. To, mu yi lissafi. A tsarin da aka saba tun zamanin NHIS, maigida yana zuba kashi 10 cikin 100 na tushen albashi, ma'aikaci kashi 5, sai kulawar ta haɗa da shi da matarsa da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18. Malamin da ake biya naira 30,000, kason maigidansa naira 3,000 ne a wata. (Zancen cewa wannan albashi ko rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai kai ba, mu bar shi sai wani jiƙon.) Zazzaɓin cizon sauro ɗaya na damina da ya kai yaro ga ƙarin jini ya cinye ninkin wannan kuɗi.

Ga kuma KATSCHMA, hukumar asusun kula da lafiya ta jihar Katsina, wadda sunanta ma taimakekeniya ne, abin da ya kamata ya kwantar da hankalin masu ƙyamar kalmar inshora saboda addini. Akwai GIFSHIP, shirin inshorar lafiya na tarayya, inda ƙungiya ke haɗa kai ta biya na shekara. Ƙungiyar masu biredi ko ta masu ruwan leda tana iya shiga a dunƙule.

Amma ba zan wanke hukumomi ba. Ma'aikacin da ya je da katinsa aka ce masa babu magani, ya fita ya saya a kemis, shi ne zai fara cewa a daina yankar masa albashi, kuma yana da gaskiya. Sai an biya asibitoci a kan lokaci kafin katin ya yi daraja.

A ganina gwamnatin Malam Dikko Raɗɗa ba ta buƙatar sabuwar doka ko kame. Makarantun kuɗi da asibitoci masu zaman kansu suna zuwa sabunta rajista, 'yan kwangila suna zuwa neman aiki. A teburin nan ne za a nemi shaidar rajistar ma'aikata, a ba ƙananan wata 6 su shirya, a kuma bar su su biya wata-wata.